Daga ɗakin gwaji na Bingerville zuwa rumfar garba a Bracodi: binciken jami'a da ke gadin sana'armu

A Kano ko Maraɗi, idan aka kira Garba, mutum ne zai waiwayo. A Abijan kuwa abinci ake nufi: aceke da soyayyen kifin ton, a yanka barkono da albasa da tumatir, a murza magi, a zuba ɗan man suya a kai. Tun daga Bracodi a Adjamé har layukan Treichville, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ci karo da rumfar mai garba ba, kuma sau da yawa wanda ke tsaye bayan kaskon ɗan Nijar ne, da Hausa ko Zabarmanci a bakinsa. Mutane da dama sun tafi a kan cewa daga nan sunan ya samo asali, saboda yawan masu suna Garba cikin waɗanda suka fara sana'ar. Wasu kuma suna danganta shi da Dicoh Garba, ministan kiwo na shekarun 1970. Ko wanne ne daidai, sana'ar nan ta biya hayar ɗakuna, ta aurar da 'ya'ya, ta aika kuɗin hatsi gida Tawa da Dosso.

To, sai dai a kan ƙafa biyu take tsaye, rogo da kifi. Ba mu ke noma rogon ba, ba mu ke kamun kifin ba. Ƙafar farko kuma tana fuskantar barazanar da yawancin masu rumfa ba su taɓa jin sunanta ba. Waɗanda suka sa mata ido dare da rana malamai ne da ɗalibai na jami'ar gwamnati, wato Jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Cocody, a wata cibiya da ke Bingerville, garin da gbakar Adjamé ke kai mutum kullum.

Cutar da ke ɓuya a ƙarƙashin ƙasa

Kwaddibuwa na noma rogo fiye da tan miliyan 5 a shekara, kuma kaso mai yawa aceke da fulakali yake zama. Masu sana'a ba su manta da 2016 ba, shekarar da ƙarancin ruwan sama ya rage rogo, dunƙulen aceke ya ƙanƙance, kuɗinsa ya hau. Wancan fari ne, ya zo ya wuce. Abin da masana ke jin tsoro ya fi shi daɗewa idan ya shigo.

Cututtuka biyu ne manya ke addabar rogo a Afirka, kuma dukkansu ƙwayoyin birus ne ke haddasa su. Ta farko ita ce mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare, ya murɗe, ya ƙanƙance, wadda a Faransanci ake kira mosaïque. Wannan ta daɗe a gonakinmu, manomi ya saba ganinta har yana ɗauka haka rogo yake, alhali tana cinye masa amfani. Ta biyu ita ce striure brune. An fara bayyana ta a rubuce a 1936 a Tanzaniya, ta kuma shafe shekaru da dama a gaɓar tekun gabashin Afirka ba ta motsa ba. A 2004 sai ta ɓulla a Yuganda, daga nan ta bazu zuwa Ruwanda, Burundi, gabashin Kwango da Zambiya. Har zuwa binciken baya-bayan nan da aka wallafa, ba a tabbatar da ita a Afirka ta Yamma ba, amma yamma ɗin ta dosa.

Muguntarta ita ce ɓuya. Gona na iya zama kore shar, manomi ya yi wata goma yana jira, sai ranar tono ya yanka saiwa ya tarar cikinta ya yi ruwan ƙasa, ya ƙeƙashe, ba na mutum ba na dabba. A gonar da ta kama sosai, asara na iya kaiwa duka. Shi ya sa wasu ke yi mata laƙabi da Ebolar rogo.

Hanya biyu waɗannan cututtuka ke bi. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro, farin ƙuda, da ke tsotsar ganye yana ɗaukar cutar daga wannan tsiro zuwa wancan. Sai kuma mutum da kansa. Rogo ba a shuka shi da ƙwaya kamar gero. Kara ake sara a dasa. Idan uwar na da cuta, duk karan da aka sara daga jikinta ya gaje ta. Ƙuda ba ya yin nisa da fiffikensa, amma damin kara a bayan mota yana ƙetare iyaka uku a mako guda.

Malamin da ya dawo gida

Farfesa Justin Pita, masanin cututtukan tsirrai ɗan Kwaddibuwa, yana cikin waɗanda suka wallafa wani bincike a 2001 da ya bayyana dalilin da ya sa mosaïque ta yi mummunar ɓarna a Yuganda a shekarun 1990. Nau'i biyu na birus ne suka haɗu a tsiro ɗaya, suka yi musayar gado, aka samu sabon nau'i da ya fi iyayensa zafi. Bayan shekaru yana aiki a Amurka, Pita ya dawo Abijan, kuma a 2015 aka ƙaddamar da shirin WAVE a ƙarƙashin Jami'ar Félix Houphouët-Boigny, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, daga baya gwamnatin Birtaniya ta sa hannu. Shirin ya faɗaɗa zuwa ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka: Kwaddibuwa, Gana, Togo, Benin, Burkina Faso, Saliyo, Najeriya, Kamaru, Gabon da Kwango Kinshasa.

Aikin nasu ba na zaman ofis ba ne. Tawaga kan hau mota ta bi hanyoyin karkara tana tsayawa gona bayan gona. A kowace gona ana duba tsiro 30, a ba kowanne maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon tsananin cutar, a ƙirga farin ƙudan da ke kan ganye biyar na sama, a tsinki ganye a adana. A ɗakin gwaji sai a ciro gadon halittar ƙwayar cutar a tantance wane nau'i ne. Da haka ake zana taswira: ina cutar take, wace iri ce, ina ta nufa. A wani ɓangaren kuma ana ɗaukar ɗan tsinin tsiro a raine shi cikin kwalba har ya fito ba cuta, a ninka shi, domin manoma su samu kara mai tsabta.

Wannan sa ido ya riga ya yi amfani. A 2024 masu binciken WAVE sun wallafa cewa sun gano nau'in nan mai zafi na Yuganda a gonakin Gini, maƙwabciyar Kwaddibuwa ta yamma. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba a shafa ruwan sai an san wutar ta kama, kuma ɗakin gwaji ne ya faɗa.

Sun kuma gane cewa takardar bincike ita kaɗai ba ta isa ƙauye. A watan Yunin 2018 sun tara ministoci da sarakunan gargajiya a Kwatano domin kowace ƙasa ta tsara yadda za ta yi idan cutar ta shigo. Ana kuma koya wa manoma da malaman gona amfani da wata manhajar waya mai suna Nuru, wadda ake haska wa ganyen rogo ta faɗi alamar cutar da ta gani. Sunan daga Suwahili ne, ma'anarsa haske, kamar dai Nura da muke raɗa wa 'ya'yanmu.

Ga wanda asalinsa Arewacin Najeriya ne, akwai abin da zai ba shi sha'awa. Cikin cibiyoyi uku da ke gudanar da aikin WAVE a Najeriya, ɗaya tana jami'ar jihar Kebbi da ke Aliero, garin albasa. Sauran biyun su ne Jami'ar Covenant a Ota da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike. Ke nan akwai masu jin Hausa da ke tsinkar ganyen rogo a gonakin Arewa, sakamakonsu na haɗuwa da na Bingerville a taswira ɗaya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, don haka abin da ya taɓa rogon Abijan ba zai bar garin kwaki na Kano ba.

Abin da aka gano a cikin farantin

Ba rogon gona kaɗai ake bincike ba. Wanda ya hau gbakar Abobo daga Adjamé yana wuce ƙofar Jami'ar Nangui Abrogoua, kusa da dajin Banco. Sunan wani basaraken Ebrié ta ci, shi ne kuma mai babban titin da ya ratsa kasuwar Adjamé. Tana da sashe guda na kimiyya da fasahar abinci, inda aka daɗe ana nazarin aceke: waɗanne ƙwayoyin halitta ne ke cikin tsamin da matan Ebrié, Adjoukrou da Alladian ke haɗawa da markaɗen rogo, me ya bambanta aceken Dabou da na Abijan, kwana nawa yake yi kafin ya lalace.

Dalilin wannan nazari a fili yake. Rogo mai ɗaci, irin wanda ake aceke da shi, yana ɗauke da guba mai suna siyanid. Fera, markaɗe, tsimawa, matsewa, shanya da turarawa su ke fitar da ita. Aceken garba kuwa shi ne mai araha, domin ana taƙaita wasu daga cikin matakan. Wani kundin digirin dakta da aka kammala a 2005 a babbar makarantar fasaha ta Zurich, tare da cibiyar binciken Suwizalan da ke Adiopodoumé a kan hanyar Dabou, ya auna wannan, ya nuna cewa mafi yawan gubar na fita, amma ragowar ta fi yawa a aceken garba fiye da na gida. Darasin ga mai rumfa shi ne ya san hannun da yake saye, kada araha ta ja shi ga wanda aka yi wa aikin gaggawa.

Ƙafa ta biyu kuma, kifi, tana da nata masu nazari a Treichville. Cibiyar binciken teku ta gwamnati, CRO, tana nan a titin masunta, kusa da tashar da ta sa Abijan ta zama ɗaya daga cikin manyan masaukan kifin ton a Afirka. Kifin da ake garba da shi shi ne wanda ake kira faux thon: ƙanana ko waɗanda suka ji rauni, da masana'antun gwangwani ba sa karɓa. A cikin ruwan gishiri mai sanyi jiragen ke adana shi, shi ya sa yake zuwa da gishirinsa. Masana na CRO da abokan aikinsu na Faransa sun shafe shekaru suna ƙirga dubban tan da ake saukewa duk shekara, kuma irin waɗannan alƙaluma ne ake kai wa teburin da ake yanke yawan kifin da za a kama a tekun Atilantika.

Akwai abu guda da kimiyya ta tabbatar wanda ya kamata kowane mai kasko ya riƙe. Kifin ton idan ya narke ya daɗe a zafi, yana tara wani sinadari mai suna histamin, wanda ke sa ƙaiƙayi, jan fuska, ciwon kai da gudawa jim kaɗan bayan an ci. Suya ba ta kashe shi. Ƙanƙara ce maganinsa, tun daga tasha har bakin kasko. Haka man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi ya yi kauri, shi ma yana tara abubuwan da ke cutar da jiki. Ai mai rumfa da yaransa su suka fi kowa cin abin da suke sayarwa.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya fasahar yin aceke cikin jerin al'adun gado na duniya. Darajar abincin ta ƙaru, kuma da ita ake ƙara sa ido kan tsabta da inganci. Wanda ya riga ya gyara rumfarsa ba zai ji tsoron ranar da ma'aikatan mairie za su zo dubawa ba.

Jami'ar da ta tashi daga kango

Wanda ya zauna Abijan a 2011 ya san halin da jami'o'in nan suka shiga. Jami'ar Abijan, wadda aka kafa a 1964, an raba ta a shekarun 1990 zuwa Cocody, Abobo-Adjamé da Bouaké. Rikicin bayan zaɓe ya bar ɗakunan gwaji a wawashe, littattafai da kundaye a watse. Gwamnati ta rufe jami'o'in Abijan a 2011, aka yi gyara, aka sake buɗewa a watan Satumbar 2012 da sababbin sunayen da muka sani yau. Shekara uku kacal bayan haka WAVE ta fara aiki.

A shekarar 2015 ɗin ne kuma wani bincike daga Treichville ya zaga duniya. Shirin PAC-CI da ke harabar babban asibitin koyarwa na CHU, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Serge Eholié na jami'ar Cocody da Dakta Xavier Anglaret na Faransa, ya bi lafiyar mutum 2,056 masu ɗauke da ƙwayar cutar sida a asibitocin Abijan. Binciken, mai suna Temprano, ya nuna cewa fara shan magani da wuri, ba tare da jiran garkuwar jiki ta faɗi ba, yana rage haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa da kashi 44 cikin 100. A watan Satumbar wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ba kowa magani da zarar an gano cutar, kuma Temprano na cikin hujjojin da ta dogara da su. An ci gaba da bin marasa lafiyar har a watannin da ake harbe-harbe a gari.

Yadda malami ke hawa matsayi a nan ma ba a hannun shugaban jami'arsa yake ba. Akwai majalisar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta a Wagadugu. Ita ke tara malamai daga ƙasashe daban-daban su duba abin da mutum ya wallafa kafin ya tashi daga maître-assistant zuwa maître de conférences, har zuwa cikakken farfesa. Malamin Cocody da na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ma'auni ɗaya ake auna su da shi.

Ba a ce komai ya yi daidai ba fa. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, Kwaddibuwa kuwa tana ƙasa da haka nesa ba kusa ba, duk da asusun FONSTI da gwamnati ta kafa a 2018. WAVE da kuɗin waje ta tashi, Temprano ma haka. Ranar da mai bayarwa ya juya baya, wa zai sayi man motar da ke zaga gonaki? Ga kuma masu digirin dakta da suka yi ta zanga-zanga a Abijan a 2021 da 2022 saboda ba a ɗauke su aiki ba, alhali azuzuwa sun cika maƙil da ɗalibai. Duk uban da ya ga haka ya ce gara ɗansa ya kama kasuwa, ba za a ce bai da hujja ba.

To, ina 'ya'yanmu?

Amma a duba ta ɗaya gefen. Sana'ar da ta fi kowace alaƙa da sunanmu a garin nan, wasu ne ke auna ta, su rubuta, su kai wa hukuma. Idan gobe aka zo tsara doka kan man suya ko ajiyar kifi, da alƙalumansu za a yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da ta tashi tana yanka albasa a rumfar babanta, idan ta kai sashen kimiyyar abinci na Nangui Abrogoua, ta san tambayoyin da wani ba zai yi tunaninsu ba: ƙarfe nawa kifi ke barin tasha, awa nawa yake yi a baro, me ya sa mai rumfa ba ya iya zubar da mai kullum. Kuma idan ta zo da takardar tambayoyi, da Hausa za ta yi magana, ba wanda zai ɗauka 'yar leƙen asirin masu haraji ce.

Hanyar tana da tsawo, amma matakanta sanannu ne. Na farko takardar haihuwa. Yaro da yawa sun maƙale a aji shida na firamare saboda ba su da extrait, ba su iya zama jarrabawar CEPE ba. Wanda bai yi wa ɗansa a kan lokaci ba, akwai hanyar kotu ta jugement supplétif, kuma gara a fara tun yaro na aji uku. Na biyu, tun 2015 doka ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16. Iyayen da ke tsoron lakwal za ta raba ɗa da addini su nemi makarantun Islamiyya da gwamnati ta amince da su, masu haɗa Alƙur'ani da manhajar ƙasa, domin ɗalibansu na zama jarrabawa ɗaya da kowa. Na uku, wanda ke son kimiyya sai ya riƙe lissafi tun daga kwaleji, domin bak na série C ko D ne ke buɗe ƙofar waɗannan sassa.

Batun kuɗi kuma, lokacin da aka sake buɗe jami'o'i a 2012 an tsayar da rajistar lisans a kan jika talatin a shekara, masta jika sittin. A tambayi sikolarite abin da ake biya bana kafin a yanke hukunci. Akwai kuma ƙa'idar UEMOA ta 2005 da ta ce ɗaliban ƙasashen ƙungiyar a yi musu kuɗin rajista daidai da 'yan ƙasa, Nijar kuwa tana cikinta. Mai takardun Najeriya lissafinsa daban ne. Aikin gwamnati na neman takardar zama ɗan ƙasa, wannan gaskiya ne, amma masana'antun gwangwani, kamfanonin abinci da cibiyoyin bincike na ƙasa da ƙasa ilimi suke tambaya, kuma digirin da aka samu a Abijan yana da daraja a Yamai da Maraɗi.

Kafin a kai ga wannan, akwai gudummawar da ba ta buƙatar ko takardar firamare. Mu mutanen tafiya ne: direbobinmu da fatakenmu suna kai wa Gini, Kamaru, Gabon har Kwango. Duk wanda aka ba karan rogo a wata ƙasa, aka ce masa iri ne mai albarka ya kai gida tsaraba, ya yi godiya ya bar shi a can. Limamai da sarakunan zango su faɗa a masallaci da wurin taro, shugabannin tasha su faɗa wa yaran mota. Wanda ke da gona a bayan gari ya nemi kara daga hannun malaman gona na ANADER ko cibiyar CNRA, idan kuma ya tono saiwa ya ga ruɓa mai ruwan ƙasa a ciki, ya kai musu rahoto a ranar, kada ya sari ko kara ɗaya daga gonar ya ba maƙwabci.